Masarar Yaya Isufu a Saman Murhuna

Duk wanda ya san Yaya Isufu ya san bai taɓa zama da ɗuwawu biyu ba. Gefe ɗaya yake ɗosanawa a bakin benci, ƙafa na fuskantar ƙofa, ido na sama. Kana gaishe shi yana leƙen gajimare. Ranar ɗaurin aurena, liman bai shafa fatiha ba aka neme shi aka rasa, wai iska ta juyo daga teku, ya tafi duba gona. Waliyyin amarya fa!

Ni ce ƙanwarsa Ramatu, mai koko a nan Zongo. Ban yi boko ba, amma ba abin da ke wuce idona, kuma ba wanda ya kai ni shan wahalar mutumin nan. Saboda haka masu cewa "Allah sarki, mutum mai sauƙi," ku bari in gaya muku.

Babanmu ya sauko Lome daga arewa da wani irin masara, fara, ƙanana, mai saurin nuna. Da ya rasu, Yaya ya gaji irin da gonar da ke bayan Aguwe. Shi irin masara ba a kulle shi a buhu. Ɗaure shi ake da ɓawonsa a rataye saman murhu, hayaƙi na dukansa kullum, ƙwaro ba ya kusanta. To matar Yaya da gas take girki. Murhun wa ke hayaƙi tun asuba? Nawa. Shekara da shekaru masarar nan na lilo a kaina.

"Yaya, baƙin nan yana zubo mini a koko."

"Ki ce musu sabon yaji ne."

"Wallahi wata rana zan kai ta inji a niƙe."

"Ranar nan ki nemi wani yayan a kasuwa."

Yadda ya zama depite kuwa, wato ɗan majalisa, manoman gefen Aguwe ne suka tura shi. Gidaje na cinye gonaki, shi kuma yana da baki da ɗan Faransancinsa na firamare, suka ce je ka majalisar ƙasa ka faɗa musu. Lokacin kamfe abokan takara na raba riguna da huluna. Naku fa? Ya cika aljihun babbar riga da iri, duk matar da ya gamu da ita sai ya damƙa mata tafi guda. Maƙwabciyata Mma Adiza ta kalli hannunta, ta kalle shi.

"Alhaji, a ina zan shuka? A kan siminti?"

"Ba ki da tsohon bokiti?"

"Ina da shi, amma ya huje."

"Madalla, ya rage miki aiki. Dama sai an huda."

Na ce shi ke nan, mun faɗi, kunya ta ishe mu. Sai ga shi ya ci. Har yau ban gane mutanen Zongo ba.

Aka ba shi mota baƙa mai sanyi, da direba, wani dattijo ɗan ƙabilar Mina mai suna Kosi, mutum mai tsafta kamar likita. Bayan sati biyu Kosi ya zo rumfata kamar zai yi kuka, yana kirana Dada, wato babbar yaya da yarensu.

"Dada, ki yi wa Onorab magana. Kashin shanu yake loda mini a but ɗin mota."

Na aika aka kira shi. Ya zo ya ɗosana.

"Yaya, motar gwamnati ce fa!"

"Shanun ma na 'yan ƙasa ne."

"Abokan aikinka sun daina shiga motar."

"Kin ga amfani biyu ke nan."

Kosi ya ɗaga hannu sama ya fita. Amma shi ɗin ne daga baya ya riƙa zuwa da nasa buhun, wai matarsa ta ce tumatirinta ya fi na kowa.

Yanzu zan faɗi nawa laifin, don kada wata ta riga ni. Da Yaya ya shiga majalisa, mata suka sa ni gaba: "Ƙanwar depite, ɗakin girkinki kamar ramin gawayi!" Abin ya ci ni. Da rani na sa aka shafe ɗakin da farin fenti, na sauke masarar, na zuba a buhu, na ɗaure baki tamau, na tura ƙarƙashin gado. Na ce in fenti ya bushe zan mayar. Fenti ya bushe, ɗaki ya yi kyau, na ƙi. Shi kuma majalisa ta riƙe shi, watanni bai leƙo ba.

Ranar da aka ba shi damar magana kan gonaki, duk Zongo na bakin rediyo. Watanni yake jiran wannan rana. Ya fara da kyau, har Mma Adiza na cewa "Ka ji namiji!" Sai aka yi tsawa. Mun ji ta a sama, mun ji ta a rediyo. Yaya ya katse jawabin. Can muka ji ya ce wani abu, zauren ya kwashe da dariya. Masu Faransanci suka fassara mana: wai a yi masa afuwa, ruwan farko ya sauka, zai ƙarasa gobe.

Bai ma jira Kosi ba. Zemijan ya hau, baburan hayar nan, da babbar riga da komai. Ya faɗo gidana a jiƙe sharkaf, ya wuce ɗakin girki, ya ɗaga kai. Fari fat, ba komai.

"Ramatu, ina take?"

Na jawo buhun. Ina kwancewa ƙwari suka watse, na tura hannu, gari kawai. Ko ƙwaya ɗaya ba mai rai.

Bai yi mini faɗa ba. Da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya nemi turmi ya kife, ya zauna. Zama sosai, ɗuwawu biyu, kai a ƙasa. Tun da nake ban taɓa ganin haka ba. Ya ce a hankali, "Irin Baba ke nan."

Na fita cikin ruwan nan ba mayafin kirki, na buga ƙofar Mma Adiza.

"Masarar kamfe, kin cinye?"

"Wacce? Ta bokiti? Duk shekara ina shukawa. Ga biyu can a saman murhu, yadda ya koya mana."

Ashe ba ita kaɗai ba. Na bi gida-gida, wata ta ba ni ɗaya, wata uku, wata ta ce sai na rantse zan dawo mata da shi bayan girbi. Na dawo da goma sha ɗaya a zanina, na zube a gabansa. Ya ɗauki ɗaya, ya ɓare, ya shinshina, ya ciza ƙwaya. Sai na ga gefe ɗaya ya ɗaga daga turmin.

"Kin gani? Da riguna na raba, yau hannun riga za mu shuka?"

"Tashi ka ba ni wuri," na ce. Shi ke nan ban-haƙurin da ya samu daga gare ni.

Zaɓe na gaba ya faɗi. Abokin takara ya yi ta yawo yana cewa ga mutumin da ya gudu daga majalisa saboda yayyafi. Da aka kawo labari muna jimami, shi ya ce, "Alhamdu lillahi. Dama zaman nan ya ci mini noman farko har sau huɗu."

Bara ya rasu, bayan girbi, don ko mutuwar bai yarda ta same shi da amfani a gona ba. A asibiti, muryar ta kusa ƙarewa, ya yafito ni.

"Tana sama?"

"Tana sama, Yaya."

"Ba fenti?"

"Rufe bakinka."

Ya yi murmushi.

To ga inda muke. Bayan rasuwarsa, gonar nan hanya da gidaje sun gama da ita. 'Ya'yansa suna ofis, ba wanda ya san bakin fartanya. Iri kuwa ba ya jira, in damina ta wuce shi ya fara mutuwa a rataye. Tun jiya iska ta juyo daga teku, ni da nake zaginsa yau na kasa zama, na fita tsakar gida ya fi sau goma ina kallon sama. Na huda bokiti bakwai. Ku matan Zongo, kowacce ta zo da nata, mai huji ya fi. Kada ku bari in biyo ku gida, gwiwata ba ta da lafiya kuma bakina lafiyarsa ƙalau.

Allah Ya jiƙan Yaya Isufu, Ya yafe masa, Ya sanyaya ƙasar da yake kwance a ciki. Ya Allah, bawanka bai taɓa hutawa ba a duniya. Ka ba shi inuwa mai kyau a Aljanna, Ka zaunar da shi. Irin kuma yana hannuna, ba zan sake sauke shi ba sai ranar shuka. Amin.