Ranar da Inna ta faɗi a gonar gyaɗa

Mahaifiyata ta daɗe tana shan maganin sida, wato ƙanjamau. Tun bayan rasuwar Baba aka gano cutar a jikinta, kuma a duk danginmu ni kaɗai na sani. Maganin ya karɓe ta, har ta yi furfura tana noma abinta. Da tsufa ya kama ta sai hawan jini ya shigo, ciwon suga ya biyo baya. Ƙwayoyi suka yi mata yawa, ga ido ya fara rauni, takan ɗauki na safe ta ce na yamma ne.

Wata damina muna cirar ciyawa a gonarta ta gyaɗa, can bayan Yekuwa, na ji ta daina amsa mini hira. Na waiga na gan ta durƙushe, gumi na zuba, hannuwanta na rawa. Na kira ta, ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba. Jikinta sanyi ƙalau. Na ce shi ke nan, ciwon da muke ɓoyewa ne ya tashi.

Kawu, ƙanenta, yana gonar da ke maƙwabtaka. Shi ya ɗaura wa sa amalanke muka ɗora ta. Hanya duk taɓo, san yana tafiya kamar ba ya so. Na rungume kanta a cinyata, ina kai yatsa bakin hancinta ina jin ko numfashi na fita. Addu'ar da na iya tun ina yarinya ta ƙi zuwa daidai.

A likita, wato ƙaramin asibiti, majo mai duba marasa lafiya ya soki yatsarta ya ce suga ne ya faɗi ƙasa. Ya sa mata ƙarin ruwa, sannan ya juyo ya tambaye ni duk magungunan da take sha, kada in rage ko ɗaya. Kawu yana tsaye a gefen gado, riƙe da takalmanta. Na faɗi na hawan jini, na faɗi na suga. Inna ta sha roƙona kada ɗan'uwanta ya ji. Amma ga ta kwance, kuma ban san abin da za a ɗura mata ba.

"Akwai na sida," na ce.

Majo ya gyaɗa kai kawai, ya ci gaba da aikinsa. Kawu ya ajiye takalman a ƙasa ya fita.

Kafin la'asar ta farfaɗo, ta nemi fura. Ashe da safe ta sha maganin suga sau biyu, kuma ba ta karya ba. Majo ya ce masu shekarunta da ke kan wannan magani, a riƙa duba musu ƙoda, ya tura mu asibitin Magaria.

A hanyar komawa gida Kawu yana gaba yana kora san, ni kuwa ban iya kallon ƙeyarsa ba. Na yi makonni ina tsarguwa da duk wanda ya gaishe mu a bakin rijiya. Wata rana ya tare ni a zaure ya tambaya ko cutar za ta kashe ta. Na ce majo ya fi jin tsoron sugan. Ya ce kada in bar ta ta tafi gona ita kaɗai. Ko ya gaya wa matarsa, har yau ban sani ba.

Na dawo ɗakin Inna da kwana, ni nake ba ta ƙwayoyin a tafin hannu, sai ta ci abinci tukuna. Ƙodar, an ce da sauƙi amma a riƙa komowa. Ban faɗa mata abin da na furta a likita ba. In ta yi shiru ana cikin hira, sai na taɓa ta ta ce mene ne.