Kwana uku Baba a kan dakali

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a sashen zane, malaminmu ya ara mini wani littafi na zane-zanen da Turawan Holan suka yi a ƙarni na sha tara, a ƙasashen da suka mallaka irin su Indonesiya. Farin gidan gwamna ya cika takarda, ga ginshiƙai, ga itatuwan kwakwa, ga sararin sama. Mutanen ƙasar kuwa suna can ƙasa, 'yan mitsi-mitsi, ba fuska, an sa su ne kawai don a gane girman ginin. Abin ya tafi da ni. Ɗan boko ya ga aikin Turawa, ai shi ke nan.

Sai na ce gidanmu na unguwar Madabo zan zana haka a aikin kammala karatu. Mahaifina magini ne, da hannunsa ya ɗora zankwayen soronmu. Bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba, ko katin zaɓe ƙin yi ya yi saboda haka. Da na roƙe shi ya zauna a dakali in zana, ya dube ni ya ce, "Kai da bokon nan naka! To, tunda hannunka ne ba na'ura ba, zan zauna." Yayata da ta ji, sai da ta riƙe baki.

Kwana uku yana fitowa bayan la'asar da babbar rigarsa ta Juma'a, ya zauna ko motsi ba ya yi. Ni kuma ina tsallaken lungu ina fama da inuwar indararo da launin bango. Shi kansa minti biyar na ba shi a rana ta uku: farin ɗigo riga, baƙin ɗigo kai.

Da na miƙa masa zanen, ya karɓa ya daɗe yana kallo. "Ginin ya fito," ya ce. "Ni ne wannan?"

Na ce, "Salon ke nan, Baba, haka ake yi." Wallahi har da murmushina.

"To, Allah ya yi albarka." Ya shiga gida ya tuɓe rigar.

Na ci maki mai kyau, aka rataye zanen a makaranta. Damina biyu bayan nan Baba ya rasu.

Bayan sadakar bakwai yayata ta ce in karɓo zanen, 'ya'yanta su riƙa ganin kakansu. Ita ba ta taɓa ganin zanen ba sai ranar da na kawo. Ta kawo shi dab da idonta, ta ɗora yatsa a kan ɗigon, yatsan ya rufe shi gaba ɗaya. Ta miƙo mini abina.

Waɗancan Turawan baƙi ne, ba su san mutanen da suke ɗigawa ba. Ni fa, wane uzuri gare ni? Har yau abin yana cin raina. Na sha zama in zano fuskar Baba da ka, kullum ƙara guje mini take yi. Na ƙarshen da na yi, na kai wa yayata, ta duba ta ce, "Ya yi kyau. Wane ne?"