Tajuddeen a Ƙofar Bukit Jalil

Mai tsaron raga ne Tajuddeen a wata ƙaramar ƙungiya a Fagge, kafin wani dillali ya kawo shi gwaji Kuala Lumpur tare da abokinsa Sharfaddeen, ɗan wasan gaba. Gwajin bai yi nisa ba gwiwarsa ta goce. Aka ɗauki Sharfaddeen, shi kuwa ya rasa da wace fuska zai koma gida, sai ya zauna. Shekaru suka ja yana wani ɗaki a Pantai Dalam, yana dafa shinkafa da wake yana kai wa ɗaliban Najeriya a babur. Kowa na da lambarsa, amma yunwa ce kaɗai ke sa a kira shi.

Da ƙungiyar Sharfaddeen ta kai wasan ƙarshe na cin kofi, shi da kansa ya bugo.

"Mutumina, kar ka sayi tikiti. Ka zo ƙofa kawai, zan turo a shigo da kai."

Tun la'asar Tajuddeen ya isa filin wasan Bukit Jalil, kayansa sun sha guga. Wajen ajiye motoci ya koma kasuwa: an bubbuɗe bayan motoci, ana gasa tsire, ganguna na tashi. Ya buga waya, ba a ɗauka ba. Ya sake bugawa. Can ya ji ta a kashe.

Wani dattijo ɗan Malesiya da ke fifita gawayi a bayan motarsa ya lura da tsayuwar da yake ta yi, ya yafito shi.

"Makan lah," ya ce, wato zo ka ci, yana miƙo masa nama.

Tajuddeen ya tsuguna cikin 'ya'yan dattijon da jikokinsa, suna ta gardamar wa zai ci. Rabon da ya ci abinci da mutane har ya manta. Ya so ya ce musu lamba tara abokinsa ne, katifa ɗaya suka taɓa kwana, sai ya ga ba lalle su yarda ba. Da aka yi magariba suka kashe wuta, suka yi masa sallama, suka shige.

Fili ya watse, aka bar shi da motoci da yayyafi. Ya raɓa jikin wani mai gadi ɗan Nepal da ke kallon wasan a waya. Ihu kan riga hoton isowa, don haka sai da ƙasa ta girgiza sannan ya ga Sharfaddeen ya tashi sama ya sa kai.

"Yaron Fagge!" Tajuddeen ya ƙwala, har yana dukan murfin motar wani. Mai gadin ya dube shi, ya ɗan matsa gefe.

Bai jira a ba da kofi ba, ya ɗingisa zuwa tasha ya hau jirgi, taragon ba kowa.

Sai bayan kwana biyu saƙo ya shigo: "Afuwan mutumina, koci ne ya karɓe wayoyi. Ka dai samu shiga?"

Tajuddeen ya daɗe riƙe da wayar kafin ya rubuta, "Na ga ƙwallonka. Allah ya ƙara ɗaukaka."