Ranar da Muka Kai Tukwane Gaban Danja

A shekarar da rijiyar bakin masallacinmu ta ƙafe, har aka riƙa shiga cikinta ana kwarfar ruwa da ƙoƙo, na fara ganin danja. Gero bai yi ba, dawa ta tsaya iya gwiwa ta bushe. Kafin bazara rumbuna ya zama fanko, ga mace ga yara. Abin da ya rage mana shi ne tukwanen da maiɗakina ta gina, su kuwa a kasuwanninmu na gefen Dawakin Tofa kowa sayarwa yake, babu mai saye. Wanda ba shi da abin dafawa, me zai yi da tukunya? Sai Kawu, ƙanin mahaifiyata, ya ce mu ɗora wa jakuna biyu mu kai birni, mu dawo da hatsi. Daga ni har shi babu wanda ya taɓa shiga birni da kaya.

A wajenmu gonaki a matse suke, turba ba ta ɗaukar mutum biyu a jere. Saboda haka da doka guda muka tashi: mai kaya ake ba hanya. Ko dagaci ne, in ya haɗu da mace ɗauke da itace, shi zai ratse cikin gona. In kuwa kowa da kayansa, wanda nasa ya fi nauyi shi ke fara wucewa.

Da hantsi muka iso inda layin dogo ya ratsa titi. Mai gadi ya sauke wani dogon ƙarfe mai fenti ja da fari, ƙararrawa tana kaɗawa, motoci duk suka tsaya. Jirgin ƙasa ya zo yana jan taragai har na gaji da kallo. Kawu ya gyaɗa kai ya ce, "Ka gani? Ya fi kowa kaya. Ashe nan ma dokar gida ce."

Gaba kaɗan, a wata mararraba, muna isa motoci suka tsaya cak. Muka kora jakuna muka haye, Kawu yana ɗaga wa direbobi hannu yana cewa, "Mun gode, Allah ya yi albarka." Ya juyo ya ce da ni, "Masu cewa 'yan birni ba su da tarbiyya, sharri ne." Na ga wata jar fitila a kan ƙarfe tana ci da rana tsaka, na ɗauka mantawa aka yi ba a kashe ta ba.

A mararraba ta biyu ko waiwaye ba mu yi ba. Muna tsakiyar titi motoci suka taso mana. Wata motar haya ta taka birki dab da baƙin jakinmu, ya zabura, ya zame a kan kwalta, mangala ta kife. Har yau ina jin ƙarar fashewar tukwanen nan a kunnena.

Direban ya leƙo. "Baba, gonarka ce nan? Ba ka ga danja ba?"

"Kai ba ka ga kaya ba?" in ji Kawu. "Wa ya haife ka?"

Wani mai sayar da rake ya taya mu jan jakin gefe. Da ya ji hujjar Kawu sai ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya nuna mana fitilar ya ce, "Baba, wannan ba ta san mai kaya ba. In ta nuna wa motoci ja, ku wuce. In ta yi ruwan ɗorawa, kada ku fara. In ta yi musu kore, ko gawa kuka ɗauko, ku tsaya."

Kawu ya zauna a bakin kwata yana kallon fasassun tukwane. "Mu koma gida, ɗan nan. Garin da ƙarfe ke ba da hanya ba namu ba ne."

Na ce, "Kawu, in mun koma, me zan ce da yaran? Su ci danja?"

Na tsugunna na zuba wa fitilar ido, tana juyawa ina duba abin da motoci ke yi, har na tabbatar ba ta saɓa wa maganar mai rake. Sannan na tsince tukwanen da suka tsira, na ƙara wa ɗaya jakin, na ɗora sauran a kaina. Kawu ya riƙo baƙin jakin da ke ɗingishi. Da fitilar ta nuna wa motoci ja na ce, "Bisimilla," muka haye. Wannan karon Kawu bai gode wa kowa ba.

Kafin la'asar mun sayar da abin da ya rage, muka auni dawa. Ita muka riƙa lallaɓawa har ruwa ya sauka, tafasa ta fito. Yanzu da nake zuwa ajin yaƙi da jahilci, ina iya karanta allon da ke bakin layin dogon nan, amma danja a bakin kwata na koye ta.

Abin da muka rasa ranar: randa biyu, tulu biyar, kasko uku, da ƙafar baƙin jaki, wanda bai sake ɗaukar kaya ba.