Tankin Kifin da Aka Ɗaura wa Atamfa

Da na dawo daga karatu a Maleziya, na kama aiki a ɗakin magani na wani ƙaramin asibitin yara a Garki. Tagar da nake miƙa magani tana kallon ɗakin jira, inda aka ajiye wani dogon tankin kifi na gilashi a kan ƙafafun ƙarfe. Tsirran cikinsa masu rai ne, ba na roba ba, ƙananan kifaye jajaye suna ratsa su. Duk yaron da aka yi wa allura, gaban tankin ake kai shi ya manta da kukansa.

Christiana Baƙo ce ta haɗa shi. 'Yar Sheda ce, iyayenta manoman shinkafa. Ta bar gona tana budurwa ta shiga wata masana'anta a Idu, ta yi shekaru tana yankan gilashin taga, har yau tabon yana yatsunta. Guntayen da ake zubarwa ta riƙa kwasowa tana liƙa ƙananan akwatuna da gam, mijinta Dominic, mai walda a Apo, yana yi musu ƙafafu. Da farko 'ya'yan tarwaɗa take reno a ciki, daga baya ta koma kifin ado. Tankinmu shi ne babban aikinta na farko a cikin gari, kuma kusan duk masu hulɗa da ita a nan suka fara ganin hannunta. Uwa za ta kawo yaro, ta tambayi wanda ya yi wannan, a haɗa su.

A tsakiyar damina wani abu ya fara shimfiɗa a kan yashin tankin, kore mai ratsin shuɗi, kamar an zuba fenti. Ya hau duwatsu, ya lulluɓe ganye, in an taɓa shi ya ɗago falle guda mai yauƙi. Sai kuma wari irin na taɓon fadama. Sista Safiyatu, shugabar masu jinya, wadda ko mai asibitin ba ya tsallake maganarta, ta ce asibitin yara ba zai yi wari ba. In ba a gyara ba kafin ƙarshen wata, a fitar da tankin.

Christiana ta zo ta murza abin a yatsa ta shinshina. Ta ce ta san shi tun a gonar babanta, yana fitowa a kwarin da ruwa ya tsaya cik, rana na dukansa. Ni kuwa na taɓa karanta cewa ba gansakuka ba ce ta gaske, ƙwayoyin halitta ne dangin bakteriya masu rayuwa da haske, kuma a wasu ƙasashe ana narka musu maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan. Ta tambaye ni ko maganin zai bar ƙwayoyi masu amfani da ke cikin matatar tankin. Na ce ba tabbas, kuma ni dai ba zan fitar da shi don kifi ba. Muka bar wannan maganar.

Ta zagaya ta gano dalilan. Wuta ba ta zama a daminar nan, kuma soket ɗin tankin ba ya kan inbata mai ba da wuta daga batir, saboda haka injin da ke juya ruwan yakan wuni a kashe. Hasken yamma yana shigowa ta taga ya sauka daidai kan gilashin. Iyaye kuma suna barin yara su jefa wa kifi burbushin biskit. Ta ce za ta zuƙe abin da tiyo, ta canza ruwa, ta naɗe tankin da baƙar leda na wasu kwanaki, ba haske ko ƙanƙane, ba abinci, inji na aiki. Sista ta ce hana dabba abinci akwai alhaki.

"Sista, ku kuna azumin wata guda," in ji Christiana. "Su 'yan kwanaki ne."

"Mu ai muna buɗa baki."

"Su ma za su buɗa. In na dawo."

Ranar Asabar da yamma ta naɗe shi ta manne da salatif. Ban ga matsalar ba sai safiyar Litinin, da wata dattijuwa ta shigo da jikanta a goye. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi dogon akwati baƙi ƙirin a kan ƙafafun ƙarfe, ta yi salati, ta juya. Wata mata da ke bayanta ta yi alamar gicciye ta ja ɗanta. Kafin a jima ɗakin jira ya zama wayam, mutane sun jeru a baranda suna magana ƙasa-ƙasa. Akwatin gawa suke zato. Sista ta yagi gefen ledar ta nuna musu kifi, amma duk wanda ya zo sai an nuna masa shi ma, wasu kuma suka yagi nasu wurin. Da azahar leda ta zama rariya, haske na shiga ta ko'ina.

Sista ta kira Christiana a waya ta ce ta zo ta kwashe kayanta a ranar, warin ya fi mata wannan sauƙi.

Christiana ta zo ta tsaya a inda dattijuwar ta tsaya, ta daɗe tana kallo. Ta ce a gidaje kawai ta saba yin haka, bai taɓa zuwa mata a rai ba cewa asibiti daban ne. Ba ta yi gardama ba, ta dai roƙi a ba ta zuwa la'asar. Ta dawo da jaka cike da zannuwanta na atamfa, har da na zumuntar matan cocinsu. Ta sake naɗe tankin da sabuwar leda, sannan ta bi ta da atamfa, tana yi mata tattara tana soka allura, yadda ake ƙawata teburin amarya. A sama ta ɗora furannin roba da ta aro a ofishin karɓar baƙi.

Washegari mata suka cika kujeru suna tambayar lefen wa aka kawo asibiti. Sista ta ce nata ne, wani Alhaji ya gani ya yaba. Aka yi dariya, wata ta miƙa hannu za ta ɗaga zanin ta ga kaya.

"A'a, Hajiya," Sista ta ce. "Ba a buɗe lefe sai dangi sun taru."

Daga nan ita ta zama mai gadi. In ta shiga ɗakin allura sai ta bar mini amana ta taga. Da aka ɗauke wuta ta ji injin ya yi shiru, da kanta ta jawo waya ta mayar da shi kan inbata.

Da safiyar Juma'a Christiana ta zare allurai ta yanke leda. Abin nan ya mutu, ya koma toka-toka a kan yashi, ta bi shi da tiyo ta zuƙe. Kifin suna nan duka, suka yo sama suna neman abinci. Tsirran sun koɗe, wasu ganye sun narke. A wata kusurwa ta sami ɗan falle da bai mutu ba, ta cire shi da hannu ta nuna mana, ta ce zai dawo muddin ya sami wuri. Don haka ta dasa tsirrai masu saurin girma, ta ɗiga musu taki, ta ce shukar da ta ƙoshi ba ta barin fili ga ciyawa. Ta nemi a sa wa tagar labule, a kuma hana biskit.

Sista ta sunkuya a kan ruwan ta ja numfashi, ta sake ja. Ta miƙe ta kira mai shara ta ce a juyo da kujeru su fuskanci tankin, sannan ta tambayi Christiana wace rana za ta riƙa zuwa canjin ruwa, don a faɗa wa mai gadin ƙofa ya bar ta ta shigo.