Layin da Senada ta bari a cikin fayil

Ranar Talata, sha huɗu ga Mayu, Senada, mijinki Emir ya kira ofishinmu na garin Geelong da hantsi, ya ce kin faɗi a tashar jirgin ƙasa, kafin a kai ki asibiti rai ya yi halinsa. Na ajiye waya na daɗe ina kallon kujerarki.

Shekara goma sha ɗaya kina yi mana aikin da ba a gode wa mai yin sa. Mu mukan rubuta manhajar da ke kulle fayiloli a kwamfuta, ke kuma ki gwada makullin. Ki rubuta layi ɗaya a fayil, ki kulle, ki fizge wayar wuta ana tsakiyar ajiyewa, sannan ki bi faifan ajiyar kwamfutar lungu-lungu kina neman layin. In kin same shi a fili, mun shiga uku. Duk da haka ke ce mai kawo mana burek, burodin nan naku mai nama a ciki, kowace Juma'a, kuma da mahaifiyata ta kwanta a asibiti, mako uku kina ɗauke da aikina ba ki gaya wa kowa ba.

A watan Afrilu ɗaya daga cikin gwaje-gwajenki ya riƙa faɗuwa jefi-jefi, alamar makullin bai kama ba. Gidan da ke ɓoye matan da suka gudo daga duka yana jiran manhajar don kulle adiresoshinsu, ni kuma ina sauri. Na kashe gwajin.

Kika ce, "Dermot, cire ƙararrawa ba ya kashe gobara fa."

Na ce, "Haba ke kuwa, sau ɗaya cikin ɗari ne."

Kika ce, "To, je ka faɗa wa mace ta ɗarin."

Maganarmu ta ƙarshe ta kirki ke nan, kuma ina jin kunyarta har yau.

Jiya, bayan mun dawo daga maƙabarta, na mayar da gwajin. A zagaye na sittin da biyu ya faɗi, layinki ya fito a allo, wanda ban taɓa damuwa in karanta ba: "In kana ganin wannan, ba mu gama ba." Na dakatar da fitar da manhajar. Adiresoshin matan nan ba za su hau kanta ba sai an gyara.

Allah ya jiƙanki, Senada, ya haskaka kabarinki, ya yafe kurakuranki. Emir, kai da 'ya'yanku Lejla da Tarik, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Ni kuma ki yafe mini.