Mai Sayen Garin Shayin Aladu

A shagon abincin dabbobi na kasuwar garin Bobai, wata mata tana tsaye cikin takalman roba, rigarta sharkaf da gumi. Garin ganyen shayi take saye, wai yana gyara hanjin aladu idan zafi ya sa su zawo. Tana shinshina shi, tana murzawa da yatsu kamar mai zaɓar maganin jariri. Ɗaya hannun yana dafe da cikinta. Ina jin aladun maigidan da take wa aiki suna da fanka, ɗakinta babu.

"Yaya Pang," in ji mai shagon, "ke ma ki riƙa lasa mana, duk kin rame."

Ta saɓa buhun, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ni wa zai ɗora a sikeli kamar alade?" in ji ta.